Supervise, oversee, monitor, inspect: wacce ce ta wane aiki?

Sabuwar_Akawu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Akwai wasu kalmomin Turanci da ke rikita ni duk lokacin da na zo rubuta takardar neman aiki ko rahoton ofis. Su ne "supervise", "oversee", "monitor", "inspect" da "manage". Duk ƙamus ɗin da na buɗa, abu ɗaya yake ba ni: kula da, sa ido, duba. To in duk ɗaya ne, me ya sa a takarda guda za a kira wane "supervisor", wane "inspector", wane kuma "superintendent"? Su "overseer" da "foreman" fa, ta ina suka shigo?

Sannan na ga wata wasiƙa da ke cewa "due to an oversight, your name was omitted". Ni dai a sanina "oversight" sa ido ne, irin wanda ake cewa majalisa na yi wa ma'aikatu. Ta yaya sa ido zai sa a tsallake sunan mutum? Don Allah a warware mini da misalai, ma'anar ƙamus kam na gaji da ita. Allah Ya saka da alheri.

Malamin_Nahawu ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, taƙaita miki kawai ya yi. In an bi asali ma, biyun farko tagwaye ne. "Supervise" daga Latin ta fito, "super" sama, "videre" gani. "Oversee" kuwa ta gida ce, daga tsohon Ingilishi, ita ma gani daga sama take nufi. Yau da gobe ne ya raba musu aiki.

Kafin ki zaɓi kalma, yi wa kanki tambaya uku game da mutumin. Yana kusa da aikin ne ko daga nesa yake hangensa? Kullum yana wurin ne ko zuwa yake ya tafi? Yana da ikon cewa a dakata a gyara, ko nasa kawai ya rubuta ya kai gaba?

Mu ɗauki wurin gini ranar zuba kankare, domin a nan duk za ki gan su a tsaye. Akwai wanda ke kan masu kwaɓa tun safe, yana ƙirga kwanon sarki: buhun siminti ɗaya (kwano biyu ke nan), yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, in haɗin 1:2:4 aka rubuta. Da ya ga lebura ya ƙara ruwa don kwaɓin ya yi masa sauƙin ɗiba, nan take zai tsawata masa, saboda in ruwa ya yi yawa kankaren ba ya ƙarfi bayan ya bushe. Wannan shi ne "supervise": kusa da aiki, kullum, da ikon gyara a take. In Hausar zan zaɓa, sai in ce tsayawa a kan aiki. Mutane da ayyukan hannunsu ake yi wa, shi ya sa za ki ji "supervise the workers" ko "supervise the children".

Can sama da shi akwai injiniya ko darakta mai gine-gine uku a hannu. Ba ya ƙirga kwano, mai yiwuwa bai ma san sunan lebura ko ɗaya ba. Abin da ya dame shi, aikin yana tafiya kan lokaci? Kuɗin da aka ware ya isa? In ginin ya rushe shi za a fara nema. Wannan "oversee" ne, kuma galibi shiri, sashe, kwangila ko kasafi ake yi wa: "oversee the project", "oversee the department". Aikin yana ƙarƙashin kulawarsa ke nan.

Kafin a zuba kankaren, wani zai zo da tef da zanen gini. Zai duba ko rodi mai milimita 16 aka sa inda aka ce, ko an sauya da mai 12. Zai auna tazarar da ke tsakaninsu. Zai leƙa katakon da aka tallafe da shi. Ya sa hannu ko ya ƙi, ya kama gabansa. Wannan "inspect" ne: zuwa ɗaya, dubawa ta ƙwaƙƙwafi, ana gwada abu da ƙa'idar da aka rubuta. Kaya da wurare ake yi wa. Ki kiyayi rubuta "I inspected my staff", domin mai karatu zai ga kamar kin jera su ne a fareti kina duba takalmansu.

"Monitor" bibiya ce. A ce bango ya tsage. Sai a sa alama a ƙarshen tsagar, a rubuta kwanan wata, duk mako a zo a auna ko ta ƙaru. Mai wannan aikin ba lallai yana da ikon ba kowa umarni ba. Nasa ya lura, ya rubuta, ya yi gargaɗi, kuma tushen kalmar a Latin, "monere", gargaɗin yake nufi. Ga wata hanya mai sauƙi ta rarrabewa: na'ura tana iya "monitor", kamar wadda ke bin bugun zuciyar majiyyaci a asibiti, amma na'ura ba ta "supervise", sai mutum.

"Manage" ta fi su duka faɗi, kuma ba daga gani ta fito ba. Manaja shi ke yanke shawara: mutum nawa za a ɗauka, nawa za a kashe, wa za a ba kwangilar yashi. Mai tsayawa kan aiki yana tabbatar da an bi tsarin, manaja shi ya tsara.

"Foreman" shi ne shugaban gungun ma'aikatan hannu a gini ko masana'anta, yawanci daga cikinsu ya taso, ya san aikin da hannunsa. Ba a kiran shugaban ofis da wannan suna. Helumanmu na Hausa, wanda ya fito daga "headman", kusan gurbin da yake cikewa ke nan.

Tsohon_Hedimasta ya amsa:

Malam ya shimfiɗa tabarma, bari in zauna a gefen makaranta, domin a can ne ake yawan cakuɗa kalmomin nan har a takardun hukuma.

A jarrabawar WAEC da NECO, "supervisor" da "invigilator" mutum biyu ne masu aiki daban. "Supervisor" shi ke riƙe da cibiyar a ranar. Shi zai karɓo takardun tambaya daga wurin ajiya, ya nuna cewa ba a taɓa hatimin ba, ya buɗe a gaban ɗalibai, ya faɗi lokacin farawa da na tashi. In an gama ya ƙirga takardun amsa, ya gwada da rajistar waɗanda suka zauna, ya rufe a ambulan, ya mayar. A al'ada daga wata makaranta ake turo shi, don kada ya zama ɗalibansa ne. Su kuwa "invigilators" malamai ne da ke cikin aji, suna zagaya tsakanin layuka, suna raba takarda, suna hana leƙe. In suka kama ɗalibi da satar amsa, ba su ne za su yanke hukunci ba. Wurin "supervisor" za su kai, shi ya cike fom ɗin rahoto. Inda ake samun matsala shi ne malami ya rubuta a takardarsa cewa ya yi "supervising" jarrabawar WAEC alhali gadin aji ya yi. Wanda ya san tsarin zai tambaye shi wace cibiya aka ba shi, sai magana ta tsaya.

"Invigilate" galibi jarrabawa ake yi wa. Ba a yi wa leburori, ba a yi wa yara a filin wasa. Kalmar Ingila ce da ƙasashen da suka gaji tsarinta. Mutanen Amurka "proctor" suke cewa, shi ya sa jarrabawar intanet da ake kunna wa mutum kyamara ake kiranta "proctored exam". Amma a jami'o'in Oxford da Cambridge "proctor" jami'in ladabtarwa ne, ba mai gadin aji ba.

A jami'a kuma, malamin da ke duba wa ɗalibi kundin bincike, a Najeriya da Ingila "supervisor" ne, a Amurka galibi "advisor". Wannan na jawo kuskure wajen neman gurbin karatu. Fom ɗin Amurka ya tambayi sunan "thesis advisor", ɗalibinmu ya tuna da "level adviser" ɗinsa, wato malamin da ke sa masa hannu a rajistar kwasa-kwasai, ya rubuta sunansa. Ba shi ake nema ba, wanda ya duba kundin ake nema. Sannan kada a haɗa shi da "examiner". Wancan yana gyara maka babi bayan babi har ka gama, wannan yana zuwa ne ranar kare kundi ya auna ka.

'Yan SIWES, wato ɗaliban da ake turawa koyon aiki a ma'aikatu, su ma "supervisor" biyu gare su: na wurin aiki, mai sa hannu a littafin rahoto, da na makaranta, mai kawo ziyara. A gaskiya na biyun aikinsa ya fi kama da "inspection", amma sunan da tsari ya ba shi ke nan, da shi za a kira shi. Masu yi wa ƙasa hidima kuwa, jami'insu na ƙaramar hukuma "Local Government Inspector" ne.

Mai_Fassarar_Gwamnati ya amsa:

Malama, bari in fara da wasiƙar taki. "Oversight" ma'ana biyu gare ta, kuma kusan kishiyoyin juna ne. Ta farko sa ido na hukuma, irin wanda Majalisar Tarayya ke yi wa ma'aikatu bisa ikon bincike da sashe na 88 da 89 na tsarin mulkin 1999 suka ba ta. Ta biyu kuskuren da aka yi saboda ido ya tsallake abu, ba da gangan ba. Yadda za ki gane wacce ake nufi: in kin ga "an" a gabanta, ko an jam'inta ta, ko ta biyo bayan "due to", kusan kullum ma'anar kuskure ake nufi. In kuwa ta zo tsurarta, ko da "of" a bayanta, ko a gaban "committee" da "functions", sa ido ne. Wasiƙarki cewa take an tsallake sunanki bisa kuskure.

Ma'anar ta biyu 'yar'uwar "overlook" ce, kuma a nan tarkon yake. A Turancin yau "overlook" ba ta nufin kula da aiki. Tana nufin rashin lura, ko kawar da kai daga laifi, ko kuma gini ya fuskanci wuri daga sama. Wanda ya rubuta "I overlooked the payment of salaries" yana ganin ya yabi kansa, abin da ya faɗa shi ne ya manta da biyan albashi. Wannan kuskure ɗaya ya isa ya sa a ajiye takardar mutum gefe, shi ya sa nake roƙon duk mai karantawa ya sake duba tasa.

A aikin gwamnati "overseeing" ta zama kalma mai nauyin kanta. In kujerar babban sakatare ta zama babu kowa, akan ce wani darakta yana "overseeing the office of the Permanent Secretary". Wannan ba "acting" ba ne. Muƙaddashi naɗa shi ake yi da takarda. Mai "overseeing" riƙe ofis kawai yake don kada fayil ya tsaya kafin a naɗa wani. In mai fassara ya mayar da duka biyun "muƙaddashi", ya ba mutum matsayin da ba a ba shi ba. Gara a ce "daraktan da ke kula da ofishin". Haka "supervising minister": minista ne mai tasa ma'aikatar, aka ɗora masa kula da wata na ɗan lokaci. A ƙananan hukumomi kuma akwai "supervisory councillor", kansila na naɗi mai kula da sashe kamar lafiya, ayyuka, ilimi ko noma, ba zaɓaɓɓen kansilan mazaɓa ba.

A zaɓe bambancin ya fi tsanani. "Presiding Officer" shi ke riƙe da rumfa. "Supervisory Presiding Officer" yana da rumfuna da yawa a ƙarƙashinsa, shi ke raba musu kaya ya zagaya ya warware matsala. "Observer" kuwa, na gida ko na waje, an tantance shi ne ya kalla ya rubuta rahoto, ba shi da ikon ce wa ma'aikacin zaɓe yi kaza. "Monitor" a tsarin INEC jami'in hukumar ne. Kafofin labarai kan kira su duka "masu sa ido", amma a takardar aiki dole a raba. Ni "'yan kallon zaɓe da aka tantance" ko "masu lura da zaɓe" nake ba "observer".

Sai muƙamai. A nan kada ki yi ƙoƙarin ciro ma'ana daga aikatau, domin tsani ne kawai aka jera. A rundunar 'yan sandan Najeriya sufeto yana sama da saje, amma yana ƙasa da ASP, DSP, SP da CSP, waɗanda duk "superintendent" ne mataki-mataki. Duk da haka shugaban rundunar baki ɗaya Sufeto Janar ne. A Amurka "superintendent" na iya zama shugaban makarantun gunduma guda, ko kuma, musamman a New York, mai kula da benen haya da ke gyaran famfo da wuta, har sukan taƙaita shi zuwa "super". Sai kin san ƙasa da ma'aikata kafin ki san girman kujerar.

"Overseer" kuwa ina ba ki shawara ki bar ta. Aikatau ɗin "oversee" lafiya lau yake, amma sunan yana ɗauke da tarihi mai ɗaci: haka ake kiran mutumin da ke tsaye kan bayi da bulala a gonakin auduga da rake na Amurka da tsibiran Karebiyan. A wajenmu ta shigo ta aikin hanya na zamanin Turawa har ta zama obasiya, kuma coci-coci da dama a Najeriya suna kiran shugabansu "General Overseer". A wajen waɗannan, ba kalmar da za ki kira kanki ko shugabarki da ita ba ce.

Sabuwar_Akawu ta sake rubutawa:

Allah Ya ƙara basira, malamai. Lallai da sauran gyara a takardata. Ga layuka uku daga ciki, a duba mini: "I supervised over four cashiers." "I overseed the monthly stock count." "I was in the charge of petty cash." Sannan in fom ya ce "name of supervisor", sunan manajan reshe zan sa ko na wadda ke duba aikina kullum?

Malamin_Nahawu ya amsa:

Duk ukun suna buƙatar gyara, Malama, amma ƙanana ne.

Na farko, cire "over". Tana cikin kalmar tun asali, "super" ɗin ita ce. "I supervised four cashiers" ya wadatar. Hausarmu ce ke jawo wannan, tunda muna cewa tsayawa a kan aiki, sai hannu ya nemi inda zai sa "a kan". Masu karɓar "over" su ne "preside over" da "watch over".

Na biyu, "oversee" tana bin sawun "see" ne: "oversaw" ga abin da ya wuce, "overseen" bayan "have" ko "was". Babu "overseed". Kuma ki lura da rubutu, "overseas" ƙasashen ƙetare ne, kwamfuta ba za ta ja miki jan layi ba in kin musanya ta da "oversees". Sannan ki tambayi kanki ko kalmar ce ma ta dace. In ke da kanki kike ƙirga kayan a sito, "conducted" ko "carried out" za ki ce. In wasu ke ƙirgawa kina tsaye kina duba takardarsu, "supervised". In su ke yi su kawo miki sakamako ki sa hannu, to "oversaw" ta zauna daidai. A ganawar ɗaukar aiki daga kalmar da kika zaɓa za a ciro tambaya: mutum nawa, sau nawa a wata, wa ke sa hannu a ƙarshe.

Na uku ya fi haɗari, domin "the" ɗin nan ta juya maganar. "In charge of" ke ce mai riƙe da abu. "In the charge of" ke ce a hannun wani, kamar yaro a hannun mai reno. "I was in charge of petty cash" za ki rubuta. Irin wannan juyin yana tsakanin "responsible for", abin da ke wuyanki, da "responsible to", wanda kike ba bahasi.

Game da fom, wadda ke duba aikinki kullum ake nufi, wadda kike "report to". A Ingila sukan ce "line manager". Manajan reshe "superior" ɗinki ne, wato na gaba da ke a muƙami, amma duk wanda ya girme ki a tsani "superior" ne, "supervisor" kuwa guda ce. Dalilin tambayar shi ne a kira wanda ya ga aikinki da idonsa. A rubutu kuma, "supervisor" da "or" take ƙarewa, kuma "supervise" ba ta ɗaukar "z" ko a Turancin Amurka.

Ɗan_Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga malamai. Ina da ƙari saboda 'yan'uwa na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suke rubuta Turanci ga ƙungiyoyin waje.

"Contrôler" a Faransanci dubawa ce, a tabbatar abu daidai yake. "Control" a Turanci iko ne da juya abu. Wanda ya rubuta "I controlled the receipts" yana nufin ya duba rasit, sai a fahimci cewa rasit ɗin a hannunsa suke. "Checked" ko "verified" ake so. Haka "surveillant": a makarantunmu shi ne mai kula da tarbiyyar ɗalibai, kuma mai gadin jarrabawa ma haka ake kiransa. In aka ɗauko "surveillance" zuwa Turanci, ma'anar ta koma sa ido irin na jami'an tsaro a kan wanda ake zargi, ko bibiyar ɓullar cuta a fannin lafiya. Malami ba zai ce ɗalibansa suna "under surveillance" ba. "Under supervision" zai ce.

Amma Malamin_Nahawu, da izininka, akwai inda nake ganin a sassauta. An nuna kamar "supervise" kullum ta mai tsaye a wurin ce. Babban Bankin Najeriya yana da sashen "Banking Supervision", kuma ba zaune suke a cikin bankunan ba.

Malamin_Nahawu ya amsa:

Gyaranka ya karɓu, Malam. A fannin kuɗi "supervision" ta hukuma ce a kan kamfani, kuma kashi biyu take: ta nesa, inda banki ke aika rahotanninsa a-kai-a-kai ana tacewa, da ta gani da ido, inda masu bincike ke shiga bankin su buɗe littattafansa. Abin da bai canja ba shi ne ikon cewa a gyara. A can abokiyar rabuwarta "regulation" ce: wannan kafa ƙa'ida, waccan tabbatar da ana bin ta. Haka a lafiya matakin farko, "supportive supervision" ziyara ce ta lokaci-lokaci, jami'i ya zo asibitin ƙauye da takardar dubawa, ya duba firijin rigakafi ko sanyinsa yana tsakanin digiri 2 zuwa 8, ya duba rajista, in ya ga kuskure ya zauna da ma'aikaciyar ya nuna mata yadda ake yi. Mai "inspection" zai rubuta kuskuren ya tafi da shi. Mai "supportive supervision" kuwa sai an gyara a gabansa.

Malama, ki turo sauran layukan takardar in da hali, musamman duk inda kika sa "managed" da "handled", a duba su tare.